Tarihin iyakar gona a ƙasarmu: daga tushen gamba zuwa takardar Kofo



Kowace shekara in ruwan shuka ya sauka, ƙofar mai gari takan cika da masu ƙara. Wanga ya ce maƙwabci ya ci mashi kunya biyu da garmar shanu. Wancan ya ce gonar da ubanshi ya ba da aro an hana shi ita. Wata ta ce an turo darnin garkarta ciki da dare. Mu ma malaman lakwal abin shina iske mu har cikin aji, don yaran gidajen da ke shari'a da juna ba su yarda su zamna tebur guda. Saboda haka shugabannin ƙungiya sunka ce in rubuta tarihin wagga matsala cikin jaridarmu. Na zamna da tsofaffi, na kuma karanta dokokin da anka rubuta da Faransanci. Abin da na gane shi ne, a zamanin da maganar baka tana da masu gadinta, kuma masu gadin nan sun faɗi ɗaya bayan ɗaya cikin shekara ɗari. Bari mu bi labarin da sannu.

1. Zamanin da daji ya fi mutane yawa

Lokacin jihadi birnin Katsina ya faɗi a 1807, gidan sarautar da anka kora ya yo arewa, har Ɗan Kasawa ya zamna Maraɗi wajen 1819. Gobirawa kuma sunka kafa Tibiri a 1836. Kusan duk ƙarni na 19 yaƙi bai kwanta ba tsakaninsu da daular Sakkwato. Talaka bai iya yin nisa da ganuwa. Jama'a sunka taru bakin gulbi inda kurmi ke ɓoye su, jigawa kuwa ta zama ta mafarauta da makiyaya.

A lokacin nan gona ta mai gatari ce. Wanda ya fara sassabe wuri da izinin mai gari, shi da zuriyarshi ke da shi. Mai gida ke riƙe da gandu, shi yanka ma matanshi da samarin gida gamana su noma ma kansu. In ƙasa ta gaji a bar ta ta huta shekaru, a matsa gaba. Baƙo in ya zo murna ake yi, don hannu ke ƙaranci, fili kuwa ga shi nan. Mai gari shi kai shi daji shi ce: daga gawon can zuwa surin can, noma. Tsakanin gona da gona sau da yawa akwai saura wadda ba mai ƙirga takunta. Wa zai ɓata da maƙwabci kan kunya biyu, alhali daji na gabanshi tafiyar yini guda? Inda iyaka ke da zafi tun da shi ne fadama da garka, wurin taba da auduga da baba, don ƙasar nan ba ta da yawa. Can ne anka fara sanin shinge.

2. Masu gadin magana

Gona takan canza hannu ta gado, ko kyauta, ko aro, ko jingina. Saida gona abin kunya ne a da. Duk waɗanga da baki ake yin su, amma bakin shina da abubuwa huɗu da ke tsaron shi.

Na farko alama. Ana dasa gamba kan iyaka don tushenta ba ya mutuwa da rani, kuma maƙwabtan biyu su yanke ta su yi zana, kowa na ganin ta kowace kaka. Bakin burtali da bakin garka ana dasa aguwa ko dashi. Aguwa reshe ake kafawa ya kama, dabba kuma ba ta damunta saboda nononta. Mata su bi gefen gamana da yakuwa. Darnin kara shi ne mafi raunin alama: gara ta ci shi, iska ta kada shi, kowace shekara sai an sake shi, kuma duk wanda ya sake darni shi kaɗai shina iya gusa shi taki guda.

Na biyu shaidu. Ba a aron gona cikin ɗaka. Ana yin shi gaban mai gari da liman da waɗanda gonakinsu ke kewaye da wurin. Gari ƙarami ne, kowa ya san tushen kowa.

Na uku dame. Wanda anka ba aro, in ya yi girbi, sai shi kai ma mai gona damen hatsi guda ko biyu. Ba kuɗin haya ba ne, don bai kai ba. Tuni ne na shekara-shekara, wanda gari duka ke gani bisa kan yaro ko bisa jaki, cewa gonar nan tana da mai ita. Haka kuma mai aro ba ya dasa itace, ba ya gina rijiya, don waɗanga alamun mallaka ne.

Na huɗu rantsuwa. Gaban alƙali, mai ƙara shi ke kawo shaidu, wanda ya musanta kuma shi rantse da Alƙur'ani. Azna ma suna da nasu wuraren rantsuwa da suke tsoro. Mutane da yawa sun gwammace su bar gona da su dafa Littafi kan abin da suke shakka. Malaman mazhabar Maliku kuma suna da hukuncin hauzi: wanda ya riƙe wuri shekara 10 shina aiki da shi kamar nashi, mai da'awa na gari shina gani bai ce komi ba, to da'awar ta faɗi. Amma hauzi bai cin aro. Shi ya sa har yau shari'ar gona takan tsaya kan kalma guda: aro ne ko kyauta ce?

3. Zuwan Nasara da takarda

Faransawa sun ci Damagaram a 1899, Nijar ta zama koloni a 1922. Sun zo da tunanin cewa abin da ba a rubuta ba bai da ƙarfi. Dokar 2 ga Mayu 1906 ta buɗe hanya ga ƴan ƙasa biyu da sunka yi yarjejeniya su je gaban kumandan, tafinta shi fassara, a rubuta, a buga hatimi. Dokar 26 ga Yuli 1932 ta tsara rajistar fili da takardar mallaka da ake kira titir fonsiye. Dokar 15 ga Nuwamba 1935 kuma ta ce filin da bai da takarda, in ya yi fiye da shekara 10 ba a aiki da shi, ya zama na gwamnati. Wagga doka ba ta san cewa saura ma tana da mai ita ba.

Mutanen ƙauye ba su bi waɗanga hanyoyi ba sai ɗai-ɗai. Bariki na da nisa, takardar da Faransanci take, kuma wanda ya kai kanshi gaban kumandan bai san ko da ƙarin lampo ko aikin tilas zai komo ba. Titir fonsiye ya tsaya cikin birane, hannun ƴan kasuwa da kamfanoni. Amma Nasara ya ƙarfafa sarakunan kanto, ya ɗora masu karɓar lampo, kotunan ƴan ƙasa kuma sunka koma ƙarƙashin kumandan da masu ba shi shawara kan al'ada. Daga nan maganar gona ta fara fita daga dandalin gari zuwa inda ba a san tushen gamba ba.

Abin da ya fi takardun nan canza ƙasa shi ne ƙarewar yaƙi da zuwan gujiya. Da hari ya ƙare, mutane sunka watsu cikin jigawa suna kafa sababbin garuruwa. Ku dubi sunayen ƙauyukanmu: Gidan wane, Garin wane, Ɗan wane. Mafi yawansu sunan mai gatarin farko ne. Jirgin ƙasa ya fara aiki Kano a 1912, lampo kuma da kuɗi ake biyanshi, sai gujiyar Maraɗi da Tasawa da Magarya da Matamai ta samu hanya. Bayan mulkin kai anka kafa SONARA a 1962 don sayenta. Kowane gida ya ƙara gona: ɗaya ta hatsi, ɗaya ta lampo da aure.

Jama'a kuma tana ƙaruwa. Ƙidayar 1977 ta samu ƴan Nijar miliyan 5 da dubu 100, ta 1988 miliyan 7 da dubu 250, ta 2001 miliyan 11, ta 2012 miliyan 17 da dubu 100. Jihar Maraɗi kaɗai a 2012 ta kai miliyan 3 da dubu 400. Saura ta ƙare, gona ta haɗu da gona. Gandu ya fashe, don samari na son kuɗin kansu. Gonar da anka raba ma ɗiya biyar ta samu sababbin iyakoki huɗu waɗanda ba tsohuwar gamba ko guda a kansu. Garmar shanu da ta yaɗu cikin shekarun 1970 da 1980 ta ƙara nata: in ta juya bakin gona takan tumɓuke gamba, wani lokaci da gangan, wani lokaci sa ne bai ji linzami ba. Haka mai gadi na farko ya raunana.

4. Daga Diori zuwa Kunce

Gwamnatin Diori Hamani ta so ta rage ƙarfin sarakuna kan talaka. Dokar 25 ga Mayu 1960 ta hana karɓar zakkar gona da ushira da sarakuna ke yi. Dokar 12 ga Maris 1962 ta soke gatan da suke da shi kan gonakin sarauta, manoman da ke cikinsu sunka samu hakki. Niyyar mai kyau ce. Amma masu aro da yawa sunka ɗauka dokar ta yafe masu har damen shaida da suke kai ma maƙwabci.

Sojoji sun karɓi mulki ran 15 ga Afrilu 1974, bayan babban fari. Ran 18 ga Disamba na shekarar, Seyni Kunce ya yi jawabi ya ce duk gonar da mutum ke nomawa ta zamna hannunshi, ko ta wace hanya ya same ta tun farko. Wanda bai da gonar gado ya yi barci ranar nan. Amma ku duba abin da ya biyo baya. Masu gona sunka daina ba da aro, ko su ba da na damana guda su canza ma mutum wuri. Wasu sunka watsa iri cikin saura ba don su girbe ba, don kada a ce ba a aiki da ita. Dame ya daina tafiya, tunda kai shi kamar amsa cewa gonar ba taka ba ce. Jawabin kuma ba a mai da shi rubutacciyar doka ba. Da Kunce ya rasu ran 10 ga Nuwamba 1987, musamman bayan taron ƙasa na 1991, tsofaffin masu gona sunka tashi neman abin ubanninsu. Kowane ɓangare na da hujja: wanga da gado, wancan da maganar shugaban ƙasa da shekarun guminshi.

Jingina ma ta kawo nata rikici. Cikin yunwar 1984 gidaje da yawa sun jinginar da gona kan ƴan jikuna ko buhun hatsi, sunka tafi Najeriya. A al'ada in ka mai da kuɗin ka karɓi gonarka, ko bayan shekara nawa. Amma a Janairu 1994 anka karya darajar sefa da rabi, gona kuma ta yi tsada. Mai jingina ya komo da tsohon kuɗi, wanda ke riƙe da gonar ya ce shi saye ya yi. Shaidu biyu sun mutu, na uku ya tsufa.

Abin ya taɓa gidanmu, don haka ba daga littafi kawai nake magana ba. Kakana ya ba wani baƙo gona a jigawa zamanin Diori, gaban mutum uku. Dame na zuwa har shekarar jawabin Kunce, sannan ya tsaya. Kakana bai ce komi ba, don lokacin ya riga ya ba ɗan mutumin auren gwaggona. Bayan su biyun sun rasu, babana ya nemi gonar. Surukinshi ya ce kyauta ce, haka ubanshi ya faɗa mashi. Anka je gaban mai gari, anka je gaban sarkin kanto, anka je gidan shari'a. Damana bakwai ana abu guda, mun saida sa da tumaki wajen kuɗin mota da ciyar da shaidu. Da anka zo maganar rantsuwa babana ya ƙi, ya ce ranar da anka yi aron shi yaro ne, ji kawai ya yi. A ƙarshe sulhu anka yi, anka raba gonar biyu. Ban ce mutanen can ƙarya sunka yi ba. Sun faɗi abin da sunka ji, kuma sun zuba taki cikin gonar fiye da shekara talatin. Abin da na sani shi ne gwaggona ta yi shekaru ba ta taka zaurenmu ba, ko da suna ko da biki, kuma rabin gonar da munka samu bai biya wannan ba.

Burtali ma iyaka ce, kuma ita ce gonaki sunka fi ci, don ba mai kwana bakinta. Dokar Mayu 1961 ta shata iyakar noma ta arewa don a bar ma dabbobi wuri, amma gonaki sun tsallake ta. A Toda, kusa da Maraɗi, cikin Oktoba 1991, rikicin manoma da makiyaya ya ci rayuka fiye da 100, mafi yawansu mata da yara. Allah shi ji ƙansu, shi kiyashe mu ganin irin wagga rana.

5. Kundin dokokin karkara

Tun 1986 gwamnati ta kafa kwamiti don tsara dokar ƙasar noma da kiwo. Aikin ya fito ran 2 ga Maris 1993, doka mai lamba 93-015, wadda ake kira Kod Rural. Abubuwa uku cikinta sun shafe mu kai tsaye.

Ta ce hakkin da mutum ya samu ta al'ada da wanda ya samu ta takarda, kariya guda doka ke ba su. Gonar gado da jama'ar gari sunka shaida mallaka ce, ko ba titir fonsiye.

Ta ce ba a kai rikicin gona gidan shari'a sai an fara neman sulhu gaban sarakunan gargajiya, kuma abin da anka cimma a rubuta shi. Sarki sulhu yake yi, hukunci na mai shari'a ne. In an sasanta ba a rubuta ba, to an ajiye ma ɗiya rikicin ne kawai.

Ta kuma kafa kwamitocin filaye, waɗanda muke kira Kofo. Na farko an gwada su Mirya da Maine-Sorowa a 1994, a 2005 kuma anka tsara na komin da na ƙauye. Kofon ƙauye mai gari ke shugabantarshi, da magatakarda, da wakilan manoma da makiyaya da mata da matasa. Shina ba da takardar shaidar gonar gado, da ta saye, da ta kyauta, da ta aro, da ta haya, da ta jingina. A cikinta ana rubuta sunan maƙwabtan gabas da yamma da kudu da arewa, shaidu kuma su sa hannu. Dokar kiwo ta 20 ga Mayu 2010 ta ƙara tabbatar da cewa burtali da wuraren kiwo na jama'a ne, ba mai mallakarsu.

Ku lura, takardar nan ba ta kore shaidu ba. Maganarsu take ɗauka ta ajiye tun suna da rai. Aikin da dame ke yi a da shi take yi yanzu. Takardar da mutum ya je ya yo shi kaɗai, maƙwabci bai sani ba, ita ma sabuwar fitina ce.

6. Abin da ya rage gare mu

Wasu tsofaffi sun ce mani neman takarda tsakanin ƴan'uwa rashin yarda ne. Na ba su amsa da ladabi cewa aya mafi tsawo cikin Alƙur'ani, a surar Baƙara, umurni ce da a rubuta bashi a sa shaidu, kuma tsakanin muminai take magana. Ku da kunka yi alkawari kun yarda da juna. Ɗiyanku da ba su wurin fa?

Ga shawarar da nake kawo ma taron ƙungiya. Duk wanda ke da aro ko jingina, ya ba da ko ya karɓa, shi je gaban Kofo da rani, tun rumbu na da hatsi zuciya na kwance, kada a jira ruwan shuka. A rubuta ko aro ne ko kyauta, shekara nawa, kuɗi nawa, da wanda ke da itatuwan da ke ciki, don tun da sassaben zamani ya mai da gawo da kalgo cikin gonakinmu, itacen kan iyaka ya zama abin ƙara. Kada a sake darni ko a dasa shinge sai maƙwabci na tsaye. Mai garma shi bar taki guda bakin gamba. Ranar rabon gado a fitar da rabon mata a rubuta shi, a dasa alama kan sababbin iyakoki kafin a watse. Tsofaffin da sunka san tushen gonakin garin nan sun rage kaɗan: samarin ƙungiya su zagaya daji da su bana, muna rubutawa.

Mu malaman lakwal da manyan ɗalibanmu mun ɗauki alkawarin karanta ma kowa takardarshi, mu fassara mashi ita da Hausa kafin shi dangwala yatsa, ba da ko dala ba. Littafin ƙungiya kuma zai ajiye kwafi ga wanda ya so, don gara da gobara ba su san hatimi ba.

Allah shi ba mu damana mai albarka, shi bar mu da maƙwabtanmu lafiya. Wassalam.